Ƙasar da Mai Tanki Ya Kawo Gida

Rana ta riga ta faɗa bayan katangar maƙwabta, amma haskenta bai gama janyewa daga tsakar gidan ba. Mai Tanki yana zaune kan benci a ƙofar ɗakinsa, yana kankare busasshiyar laka daga takalman aikinsa. Matarsa na kwashe shanya daga igiya. 'Yarsu mai shekara sha shida, wadda yake kira Uwata saboda sunan mahaifiyarsa ta ci, tana durƙushe bakin famfo tana ɗauraye kofuna. Su uku ke nan a gidan, kuma gida ne da ba a saba jin hayaniya a cikinsa ba.

Sai wani abu ya faɗo kan kwanon rufi, ya gangaro a hankali, ya faɗi gaban bencin.

"Yaran unguwar nan ba su da aiki," in ji matar, ba ta ko waiwaya ba.

Na biyu ya faɗo, na uku ya biyo shi. Mai Tanki ya sunkuya ya ɗauki ɗaya. Tsakuwa ce kamar ƙwan tantabara, jiƙe sharkaf, da jar laka a jikinta, alhali an fi wata guda ba a ga ɗigon ruwan sama ba. Ya leƙa waje. Layin shiru, babu yaro babu babba. Ya dawo ya sake duban lakar da ta shafe masa yatsu, nan take ya gane wannan ƙasar. Shi ya kawo ta gidan da kansa.

Aikinsa haƙa ne, amma ba da diga ko shebur ba. A ƙarƙashin kowane titi akwai abubuwan da aka binne aka manta da su, wayoyin wuta da bututan ruwa da na gas, wasu kan wasu. Idan ana so a kai gare su ba tare da an yanke ko an fasa ba, sai a kira motarsu. Mutum ɗaya ya riƙe doguwar sandar ƙarfe mai fesa ruwa, ruwan ya narkar da ƙasa, wata ƙatuwar mesa kuma ta zuƙe lakar zuwa cikin tanki. Ruwa yana cin ƙasa ya bar waya, muddin ba a ƙure masa ƙarfi ba. Matarsa takan tsokane shi da cewa mazan mutane suna noma ƙasa, nata mijin wanka yake yi mata.

Shi ke tuƙa motar, shi ke tsayawa a jikinta yana lura da ƙarfin ruwa. Mai riƙe sandar kuwa abokinsa ne, wanda kowa ke kira Dogo. Shekara goma sha ɗaya suna aiki tare, suna ci a kwano ɗaya. Dogo yana da wata ɗabi'a: kafin ya buɗe ruwa a kowane rami, sai ya yi bisimilla, ya sunkuya ya ce, "Salamu alaikum masu wuri, ku matsa, ruwa zai shigo." Mai Tanki yakan yi dariya ya ce, "Ranar da suka amsa maka, ni dai kada ka neme ni."

Mako uku kafin faɗowar tsakuwar nan, an tura su bayan wani tsohon sito, kusa da kututturen wata bishiya da aka sare tun da daɗewa. An shata wurin da jan fenti, alamar babbar wayar wuta na kwance a ƙasa. Suka yini suna bi a hankali. Da yamma ta yi lis, ruwan ya tarar da wata ƙasa mai tauri kamar dutse, a gefenta kuma wani kogo ya buɗe baki tsakanin tsofaffin saiwoyi, sanyi na fitowa daga cikinsa.

Dogo ya ɗago kai daga ramin ya ce, "Mu bar shi haka, Mai Tanki. Magariba ta kawo jiki, kuma wayar tana kusa. Gobe ma rana ce."

"Taku ɗaya ya rage."

"Taku ɗayan nan shi ke da wayar."

Mai Tanki ya kawar da kai. Ya gaji, kuma ba ya son a ce sun kwana biyu a kan rami ɗaya. Ya koma jikin mota, ya dubi bayan abokinsa, ya kai hannu ya murɗa ƙarfin ruwan har ƙarshe, bai faɗa masa ba. Ya ɗauka minti biyu za su gama. Ruwan ya fasa ƙasar, ya cika kogon, ya yaga rigar wayar. Wani farin haske ya tashi daga ramin, da ƙara kamar an tsaga sama, aka yi jifa da Dogo gefe guda.

Kafin mutane su taru, kafin ma ya isa inda abokinsa ke kwance, hannun Mai Tanki ya riga ya mayar da ma'aunin ƙarfin ruwan inda yake tun farko. Wannan shi ne abin da ya fi cin sa daga baya: hannunsa ya fara zuwa wurin ma'auni kafin ya je wurin Dogo.

Bayan an tafi da Dogo asibiti, wurin da suke zubar da laka ya riga ya rufe. Mai Tanki kuma ba ya son motar ta kwana da kayan wannan ramin a cikinta. Ya biyo ta gida, ya juye tankin a wani kwari da ke bayan kicin, inda ruwa ke kwanciya da damina. Matarsa har godiya ta yi masa, ta ce yau dai aikinsa ya amfani gida.

Dogo ya rayu, amma yatsun hannunsa na dama sun ƙandare, ba za su sake riƙe sanda ba. Da manaja ya zauna bincike, ya tambayi Mai Tanki, "Ƙarfin ruwan fa, yaya yake?"

"Yadda aka saba, ranka ya daɗe. Ina jin sandar ce ya kai kusa."

Aka rubuta sakaci ne, aka sallami Dogo. Mai Tanki ya je duba shi sau ɗaya a asibiti, ya tsaya daga bakin ƙofa, ya yi masa sannu, ya ce sauri yake yi.

Tun daga yammacin da tsakuwar farko ta faɗo, gidan bai ƙara ganin magariba mai daɗi ba. Da rana komai lafiya. Amma da zarar inuwa ta cinye tsakar gida, sai jifan ya fara, ɗaya bayan ɗaya, babu gaggawa, kamar mai jifan ya san ba inda za su je. Daga baya aka soma jin motsin ruwa a ƙarƙashin daɓen falo. Mai Tanki ya rufe famfon gidan gaba ɗaya, ya kwanta ya kara kunnensa a siminti, ya ji ruwan na tafiya abinsa. Lakar bayan kicin kuwa ta ƙi bushewa. Rana ta dake ta tun safe har yamma, amma in ka taka sai ƙafarka ta nutse.

A rana ta biyar matar ta fito daga kicin da ludayi a hannu, fuskarta ta canja.

"Abban Uwa, akwai mai magana a bayan nan."

"Rediyon maƙwabta ne."

"Ba rediyo ba ne. Kamar tsohuwa ce take kiran yaro, shi kuma bai amsa ba." Ta rage murya. "Ƙasar nan daga ina ka ɗebo ta?"

"Ƙasa ai ƙasa ce," ya ce, ya tashi ya shiga ɗaki.

A rana ta bakwai aka kira sallar magariba, Uwata ba ta shigo ba. Uwar ta kira ta sau uku. Mai Tanki ya zagaya bayan kicin ya same ta durƙushe a tsakiyar lakar, tana tono da hannu biyu, a natse, kamar mai neman ɗan kunnen da ya faɗi. Ya kira ta, ba ta juyo ba. Da ya kama kafaɗarta ya ji ta yi sanyi kamar randa. Ta ɗago ta dube shi da idanun da ba su san shi ba, sannan ta sulale.

Suka kai ta asibiti, aka auna jini, aka duba kai, likita ya ce bai ga komai ba. Da rana takan farka ta sha ruwa, ta tambayi abin da ya same ta. Da almuru sai hankalinta ya gushe. Yatsun hannunta na dama su lanƙwashe su ƙandare, uwar ta yi ta murza su da mai tana kuka, ba sa miƙewa. Mai Tanki yakan tsaya daga bakin ƙofa yana kallon hannun. Ya san inda ya taɓa ganin irinsa, kuma ya san a bakin ƙofa ya tsaya a wancan karon ma.

Matar ce ta nemo Malam, ba ta ko yi shawara da shi ba. Wani ɗan tsamurmurin dattijo ne, tela da rana, tabaraunsa ɗaure da zare a gefe ɗaya. Ya zo bayan la'asar, ya zagaya gidan a hankali, ya daɗe tsaye a kan lakar, bai tambayi komai ba. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a falo, aka kwantar da yarinyar, uwar ta riƙe kanta. Ya yi salla, ya zauna, ya fara karatu da murya ƙasa ƙasa.

Jifan ya fara kamar kullum. Malam bai ɗaga murya ba, bai kuma dakata ba. Can sai jifan ya tsaya cak, gidan ya yi shirun da har numfashin uwar ana ji. Yarinyar ta tashi zaune, ta tanƙwashe ƙafafu irin zaman tsofaffi, ta gyara mayafinta.

"Ya isa haka, Malam. Kana ƙona ni." Muryar ta tsohuwa ce, a shaƙe, kamar daga cikin rijiya.

"Wace ce ke?"

"Mai wuri ce."

"Wane wuri? Nan gidan mutane ne."

"Ni ma ban so zuwa ba. A tanki aka kawo ni." Kan yarinyar ya juya a hankali zuwa inda Mai Tanki ke raɓe. "Tun bishiyar nan tana tsaye nake ƙarƙashinta. Suka sare ta, na yi haƙuri. Suka shimfiɗa bututunsu ta kan ɗakina, suka ja wayarsu ta ƙofata, ban ce uffan ba. Ranar da waɗannan suka zo, dogon ya yi sallama, ya ce mu matsa. Muna cikin kwashe kaya, ina ɗauke da jikana, sai wannan ya sako mana ruwan gaba ɗaya. Ɗakina ya narke, jikana ya suɓuce daga hannuna. Wajen wata guda ina tonon lakar nan kafin na same shi, kuma har yau ba ya taka ƙafarsa."

Malam ya ce, "Irinku kuna faɗin gaskiya ɗaya ku haɗa da ƙarya goma. Ba zan kama mutum da maganarki ba."

"To tambaye shi. Tambaye shi inda hannunsa ya fara zuwa bayan wutar ta tashi."

Malam ya juyo, ya dube shi ta saman tabarau. Matar ma ta ɗago. Mai Tanki ya kauce wa idanunsu. Ya dubi hannun 'yarsa da ke ƙandare a kan cinyarta, hannun da yake riƙewa ya tsallakar da ita titi tana ƙarama.

"Gaskiya ta faɗa," ya ce. "Dogo ya ce mu bari, ni na ƙara ƙarfin ruwan, ban gaya masa ba. Na mayar da ma'aunin kafin a gani. Da aka tambaye ni, na ce laifinsa ne."

Matar ta janye idonta daga kansa, kuma wannan ya fi masa zafi a kan duk abin da za ta iya faɗa.

Malam ya koma ga yarinyar. "An zalunce ki, na ji. Amma wannan yarinyar ba ta riƙe sanda ba, ba ta murɗa komai ba. Ke ma zalunci kike yi. Me kike so ki fita?"

"Hannunta. Ƙafa ta tafi, hannu ya biya."

"Ba za ki samu ba."

"To a zubar mini da jini a kan lakar."

"Ko na ƙuda ba za a zubar ba. Ba a yanka don kowa sai Allah. Ki nemi abin da yake haƙƙinki, ko in ci gaba daga inda na tsaya." Ya buɗe baki zai koma karatu.

"Dakata." Malam ya dakata. Da muryar ta dawo, ta yi laushi, gajiya ta fito a cikinta. "Ƙasata nake so. A mayar da ita gindin kututturen, duka, kada a bar ko cikin cokali. Kuma shi zai ɗebe ta da hannunsa, ba da injin nan ba. Ba na son in sake jin kukansa."

"Wannan haƙƙinki ne." Malam ya dubi Mai Tanki. "Ka ji?"

"Na ji, Malam. Na ɗauka."

"Maganar dogon fa?" in ji Malam.

"Wannan tsakaninku ne, 'yan Adam. Ni ba ruwana. Amma shi ya yi mana sallama, shi ya sa na ture shi gefe. Da ban ture shi ba, da ba hannu kaɗai wutar za ta ci ba."

Malam ya sa ta yi alkawarin ba za ta dawo ba, ya maimaita mata sau uku, ta amsa sau uku. Ya ce ta fita ta inda ta shiga. Hannun yarinyar ya ɗaga sama yana rawa, yatsun suka miƙe ɗaya bayan ɗaya, ta yi atishawa, ta faɗa jikin uwarta. Jim kaɗan ta buɗe ido ta ce, da muryarta ta kullum, "Umma, ƙishi nake ji."

A bakin ƙofa, Malam yana saka takalmi, ya ce da Mai Tanki, "Waccan ta tafi, kuma mai sauƙin ke nan. Wanda ya rage babu karatun da zan yi maka ya fita."

Kwana uku ya yi yana ɗebe lakar da shebur, yana ɗurawa a buhuna, yana kaiwa bayan siton a baro da motar haya. An riga an gyara wayar an rufe ramin, sai ya zuba ƙasar a gindin kututturen, ya yi bisimilla, ya yi sallama. Tafin hannunsa ya yi kanta ya fashe. Matarsa tana ajiye masa abinci da ruwan wanka, amma magana ba ta wuce ta dole. Ranar da ya share wurin tas, magariba ta zo ta wuce, kwanon rufi bai yi motsi ba.

A daren matar ta ce masa, "Matar Dogo ta yi mini sannu da jikin Uwa a kasuwa. Na rasa inda zan sa fuskata."

Washegari ya tafi gidan Dogo. Ya same shi zaune a ƙofar gida, yana koyon ɗaure igiyar takalmi da hannun hagu, na daman kwance a cinya cikin bandeji. Mai Tanki ya durƙusa a gabansa, ya faɗi komai, bai rage ba, bai kuma kawo uzuri ba. Dogo ya saurare shi har ƙarshe, idonsa na kan takalmin.

"Na sani," ya ce. "Sandar a hannuna take. Shekara goma sha ɗaya ina riƙe ta, kana jin za a ƙara mata ƙarfi ban ji ba?"

"To me ya hana ka faɗa?"

"Na ɗauka kai za ka faɗa. Kullum in aka taɓa ƙofar asibitin nan sai in ce ga shi nan ya dawo." Ya ɗan yi murmushin da bai kai ido ba. "Ashe sai da masu wuri suka amsa."

"Ka yafe mini, Dogo."

"Ba ni kaɗai ka yi wa ƙarya ba. A takardarsu an rubuta ni mai sakaci ne, kuma 'ya'yana sun ji. Je ka gyara wannan tukuna."

Daga nan ofis ya wuce, bai biya gida ba, don ya san in ya zauna zuciyarsa za ta kawo masa dalilai. Manaja ya saurare shi, ya kira magatakarda, aka sa ya maimaita a rubuce ya sa hannu. A ranar aka karɓi makullin motar daga hannunsa. Bayan mako biyu aka soke abin da aka rubuta a kan Dogo, kamfanin ya ɗauki nauyin maganinsa, aka ba shi aikin koya wa sababbin ma'aikata yadda ake bin waya da ruwa. Mai Tanki kuwa ba a sake kiransa ba. Ya samu aikin tuƙa motar yashi, unguwa dai ba ta canja masa suna ba.

Uwata ta warke sarai, ba ta tuna komai, kuma babu wanda ya gaya mata. Matarsa ta sauko a hankali, kamar yadda zazzaɓi ke sauka. Dogo ne bai ce ya yafe ba, bai kuma ce bai yafe ba. Mai Tanki yakan je duk ranar hutu ya zauna a gefensa, wani lokaci su yi hira, wani lokaci su yi shiru har ya tashi.

Sai wata rana, wajen wata huɗu bayan haka, ya miƙe zai tafi, ya miƙa hannun hagu kamar yadda ya saba yi don kada ya fama masa ciwo. Dogo ya dubi hannun, ya girgiza kai.

"Ba a gaisawa da hagu," ya ce.

Ya ɗago na daman, mai ƙandararrun yatsu da tabon wuta har wuyan hannu, ya miƙa masa. Mai Tanki ya karɓe shi da hannu biyu, ya riƙe, ya kasa ɗaga kai.